Hamsin da Takwas

Tun da benen nan ya rufta, aikina ɗaya ne: in zauna gaban kwamfuta in yi ta kallon layuka biyu-biyu, ina cewa shi ne ko ba shi ba ne. Daga ofishin ƙididdiga aka kwaso mu, mu shida, aka zuba mu a wani ɗaki mai fanka guda wadda ke juyawa kamar an yi mata dole. Tagar ɗakin ma bangon banɗaki take kallo. An ce mana aikin ɗan lokaci ne. Da aka jima sai ga shi kowa ya kawo kofinsa da silifas daga gida, wata ma har da matashin da take jingina baya.

Jadawali biyu muke da shi. Na hagu na mutanen da dangi ke nema ne. Na dama kuma na waɗanda aka tono daga ƙarƙashin ginin ba a san ko su wane ne ba, suna kwance a mutuware, ba suna sai lamba. Maganar hoto kuwa a bar ta kawai. In gini mai hawa tara ya zauna a kan mutum, hoto ba ya taimakon kowa. Don haka da siffa ake aiki: shekaru, tsawo, ƙiba ko rama, gashi, haƙora, tabo, tufafi, takalmi, kowanne da gurbinsa. Kwamfuta za ta ɗauki layin hagu ta gwada shi da kowane layi na dama, sannan ta ba da maki cikin ɗari. In ya kai tamanin sai layin ya yi kore, a kira dangi su zo su duba. Daga saba'in zuwa tamanin ya yi rawaya, mu sa ido mu tantance. Abin da bai kai saba'in ba ko launi ba ya samu, sai in kai ka je ka neme shi.

Ɗaya daga cikin layukan hagu ƙanina ne, Auta. Gyaran keken ɗinki yake yi a masana'antar tufafin da ke hawa na huɗu. Shugaban ɗakinmu ya san da haka tun ranar farko. Mutum ne da ba ya iya wuce teburinka bai tambayi maki ba, shi ya sa a bayan idonsa muke kiransa Maki-nawa. Ya tsaya a kaina ya ce, “Za ki iya kuwa? In ba za ki iya ba a canza ki, ba laifi ba ne.”

Na ce, “In na koma gida me zan yi, in ƙirga rufin ɗaki?”

Bai sake tambaya ba. Gaskiyar magana ita ce ban ji komai ba, kuma har lokacin da nake ba da labarin nan abin yana ba ni tsoro. Ranar da aka ce mini ginin ya faɗi ina cikin cin abinci, kuma sai da na cinye na wanke hannu. Na yi ta jiran kuka ya zo, bai zo ba. Ina ci, ina barci, ina zuwa aiki a kan lokaci. Abin da ya rage mini kawai shi ne saurin fushi, wanda dama da shi aka haife ni.

Wadda ke zaune kusa da ni, Mai Tabarau, gyaɗa take ɓarewa a kan tebur tun safe har tashi, kuma aikin ya shiga kanta har komai sai ta ba shi maki. Shayin ofis talatin da biyar. Fanka ashirin. Mijinta ta ce saba'in da biyu, rawaya, sai an sa ido. Muna dariya. A ɗakin da ake lissafin gawa muna dariya har da buga tebur, sannan a ji ƙarar ƙofa kowa ya gyara fuska, don wataƙila uwar wani ce ta shigo.

Na koma kwana a gidan Mama tun ranar da abin ya faru. Gidan ɗaki uku ne da ɗan tsakar gida: na Mama a gaba, na Auta da matarsa a baya, ni kuma aka share mini wanda ake ajiye tarkace. Duk yamma in na dawo zan tarar da Mama a kan kujerar roba kusa da ƙofar gida, da kwandon ɗinkinta a cinya, ko da ba abin da take ɗinkawa. Kafin in cire takalmi za ta ce, “Nawa yau?”

“Hamsin da takwas, Mama.”

“Har yanzu?”

“Har yanzu.”

Sai ta gyaɗa kai, ta ji daɗi. Ni na koya mata lissafin da bakina, ita kuma ta riƙe shi gam. Duk cikin gawarwakin da ke mutuware, wadda ta fi kama da siffar Auta hamsin da takwas ta samu, wata mai lamba ɗari da arba'in da uku. A wurin Mama wannan albishir ne. Takan ce, “Hamsin da takwas ko a jarrabawa ai da ƙyar aka tsallake. Ba shi ba ne. Yana wani wuri, ya bugu a kai ya manta hanyar gida. Irin haka na faruwa.”

Na san cewa duk waɗanda aka kwantar a asibiti ba cikin hayyacinsu ba an riga an gano danginsu. Jadawalinsu ni na rufe shi da hannuna. Ban faɗa mata ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Ta kuma kafa doka a gidan: a kulle ƙofa da makulli, amma kar wanda ya sa sakata. “Yana da makullinsa,” in ji ta. “In ya dawo ya tarar da sakata fa? Ya yi ta buga ƙofar gidan ubansa kamar baƙo?” Maganar makullin nan tsohuwa ce a gidanmu. Tun muna yara Auta ba ya iya riƙe makulli, sai da ya ɓatar da wajen guda nawa, har Mama ta gaji ta fara ɗinka masa ɗan aljihu a cikin ƙugun wando, da koren zare don ta riƙa ganewa. Ya girma, ya yi gemu, ya yi aure, bai tsira ba. Duk sabon wandon da ya saya sai ya bi ta ɗakin Mama kafin ya hau jikinsa. Muna yi masa tsiya, shi kuma ya ce mu ci gaba, shi dai bai taɓa kwana a waje ba.

Wata safiya aka sanar a rediyo cewa mutuware ta cika, injinan sanyi sun fara gazawa, don haka duk gawar da ba a gano danginta ba zuwa ƙarshen mako za a binne su tare, kowa da lamba a kan ɗan katako. Mama ta miƙa hannu ta kashe rediyon, ta ce Allah ya ji ƙansu, bayin Allah, ba su da kowa.

Na fita tsakar gida in wanke kofi na tarar da matar Auta a tsugune gaban famfo, ta sa kwano ɗaya a gaba tana ta cuɗa shi. Yarinya ce mai shiru, irin wadda in ta shigo ɗaki sai ka waiwaya kafin ka san ta shigo. Ba ta ɗago ba ta ce, “Yaya.”

“Na'am.”

“Ni ma fa na cike takardar nan ta neman mutum. Ranar farko, a ƙofar asibiti. Ba a taɓa kirana ba.”

Na ce mata ai an haɗe ta da ta Mama. Na yi mata bayani yadda zan yi wa kowa. A makon farko mutum ɗaya sai a zo nemansa sau uku, sau huɗu: uwa ta ba da rahoto, mata ta ba da, aboki ya ba da, har jadawalin ya kumbura ya fi yawan mutanen da ke cikin ginin. Sai aka zauna aka yanke cewa in layuka sun zama na mutum ɗaya, a bar na wanda ya fi kusa da shi, sauran a tura su wani shafi a ɓoye. Uwa ce a sama, sai mata, sai sauran jama'a. Ba wanda ya yi musu a ɗakin, ni ma ban yi ba. Wa zai tashi ya ce akwai wanda ya fi uwa sanin ɗanta?

Ta ce, “To ta Mama aka bari ke nan.”

“Ta Mama.”

Ta ci gaba da cuɗa kwanon. Can ta ce, a hankali har sai da na sunkuya, “Mama ta ce gashinsa a cike yake.”

“To, da yaya yake?”

“Ya fara sanƙo, Yaya. Tsakiyar kan duk ta tafi. Shi ya sa ba ya cire hula sai ya shiga ɗaki.”

Na tsaya da kofi a hannu. Ta ce kuma an cire masa haƙori na can ciki bara, ya hana ta faɗa don kar Mama ta ce zaƙi ne ya yi masa yawa. Ta ce ya rame sosai tun da aka ƙara musu aikin dare, rigunan ne manya suke rufa masa asiri. Farar rigar da Mama ta ce ya fita da ita kuwa, da ita ya fita, amma da ya isa wurin aiki cirewa yake yi ya rataye, ya sa rigar aiki.

Nan take kaina ya ɗauki zafi. “Kuma kika zauna kika yi shiru duk tsawon lokacin nan? Kina ji kullum ana nawa yau, nawa yau, bakinki a ɗinke? Haba! Wace irin kunya ce wannan?”

Sai a lokacin ta ɗago. Idonta a bushe yake kamar nawa. Ta ce, “Ta yaya zan buɗe baki in ce wa Mama ɗanta ya yi sanƙo? Ke ma ai kina wurin da take faɗa. Ke kika rubuta.”

Haka ne, ni na rubuta. Mama na faɗa ina bugawa, kuma duk abin da ta faɗa haka nake ganinsa a raina: dogo, mai jiki, gashi baƙi cike da kai, haƙora lafiya lau, tabo a gwiwar hagu daga faɗuwar keke. Da aka zo gurbin tsawo Mama ta ɗaga hannu sama iya ƙarfinta, ni kuma na sa lambar da ta dace da hannun. Mama gajera ce, duk wanda ya wuce kafaɗar ƙofa dogo ne a wurinta. Na ajiye kofin a bakin famfo ban wanke ba, na ɗauki jakata.

Na tarar da Maki-nawa yana shan magani da ruwan shayin da ya huce. Na ce masa ina so a buɗe mini shafin da aka ɓoye.

“Wane?”

“Na maimaici. Layukan da aka cire.”

Ya shafa fuska. Shi ma ya kwana biyu bai ga gidansa da rana ba. Ya ce, “Kin san ƙa'ida. In na buɗe miki, sai na buɗe wa kowa, layuka su ninka uku, ga lokaci ya ƙure. Da wane hannun za mu duba?”

“Da wanda muke ɓare gyaɗa da shi,” na ce. Mai Tabarau ta janye hannunta daga takardar gyaɗa. Na ci gaba, “Yallaɓai, ƙarshen mako za a zuba su a rami ɗaya. Layukan mutum ɗaya kawai nake nema. In ba ka buɗe ba, wallahi zan zauna in buga su da kaina daga takardun da ke cikin kwalin can, ko da zan wuni.”

Ya jawo kujerata ya zauna, ya danna abin da zai danna. Shafin ya fito, fari fat, ba launi ko ɗaya, layuka sun tafi har ƙasa. Ya tashi ya ba ni wuri, amma bai tafi ba.

Na nemo Auta. Sau biyu ya fito. Ɗaya na matarsa ne. Ɗayan na wani abokin aikinsa ne da suke kira Dogo, wanda aka aika sayo kayan gyara da safen nan, ya dawo ya tarar ba gini. Na san shi sama-sama, ya zo gaisuwa sau ɗaya ya zauna a bakin ƙofa. Ban san ya ba da rahoto ba. Na karanta nasa: matsakaicin tsawo, siriri, sanƙo a tsakiyar kai, rigar aiki ruwan toka, takalmin roba baƙi, tabon allura a yatsan nuni na hagu inda keke ya taɓa ɗinke shi. Gurbin haƙora bai cike ba. Na shekaru ya sa fiye da na gaskiya da kusan biyar.

Na karanta, kuma da ban ga sunan a farkon layin ba da na wuce shi. Wannan wani mutum ne mai sanƙo da ke aiki a hawa na huɗu. Na kwafe layukan biyu na liƙa su a ƙarƙashin na Mama, na danna gwaji. Kwamfutar ta ɗan yi tunaninta, ɗan da'irar nan tana juyawa. Fanka na ƙara a sama. Wani a bayana yana tambayar wa ya ɗauki abin huda takarda.

Na matarsa ya yi rawaya, saba'in da shida. Na Dogo ya yi kore, casa'in da ɗaya. Na Mama yana nan yadda yake, hamsin da takwas, ba launi. Dukkansu uku lamba ɗaya suke nunawa a dama, ɗari da arba'in da uku, wadda nake kai wa Mama labarinta kowace yamma tana cewa alhamdu lillahi.

Mai Tabarau ta ce, “Inna lillahi,” ta dafa kafaɗata. Na ji nauyin hannun, shi ke nan abin da na ji. Na lura akwai ɓawon gyaɗa tsakanin maɓallan kwamfutata, na sa farce na ciro shi. Maki-nawa bai tambayi maki ba, yana gani da idonsa. Ya juya ya ce wa ɗakin, da wata murya da ban san shi da ita ba, a dakatar da komai, a dawo da duk layukan da aka ɓoye a gwada su. Ina ɗaukar jakata na ga allon Mai Tabarau ya fara yin kore nan da can.

Mutuware tana bayan asibiti, bayan inda ake shanya zannuwan gado. Kafin ɗakin sanyi akwai wani ƙaramin ofis mai kantoci har rufi, cike da jakunkunan leda, kowace da lamba a jiki da baƙin alƙalami. Mai ajiyar kayan wata dattijuwa ce mai safar hannu, tana tauna wani abu mai ƙamshin na'ana'a, na gane dalili ba sai an faɗa mini ba. Ta duba takardar da na kawo ta ce, “'Yata, za ki gan shi ne, ko kaya tukuna?”

“Kaya.”

“Ya fi.”

Ta hau ɗan benci ta sauko da jakar, ta kwance a kan tebur. Ƙura ta tashi, irin ta siminti. Rigar aiki ruwan toka, an yanka ta da almakashi daga wuya har ƙasa. Takalmin roba ƙafa ɗaya. Hula ba ta ciki. Sai wando, baƙi, wanda ban sani ba. Na ɗaga shi na juya ƙugun. Aljihun yana nan a gefen dama, ɗan ƙarami, da koren zare. Ɗinkin ya karkace, wani taku dogo wani gajere, don idon Mama ya fara rauni kuma ba ta yarda a zura mata zare. Na sa yatsa biyu na ciro makullin.

Dattijuwar ta ce, “Mun ji shi da hannu, mun rubuta makulli ɗaya. Kowa nan yana da makulli.”

“Haka ne.”

“Naku ne?”

“Namu ne.”

Ta jira ko zan yi kuka, har ta matso da kujera da ƙafarta. Da ta ga ba abin da ya fito sai ta ce wadda sunanta ke kan rahoton da aka amince da shi ita za ta sa hannu kafin a ba da gawar, wato uwa, kuma a yi ƙoƙari kafin ƙarshen mako. Na ce zan tafi da makullin. Ta ce ba a fita da kaya. Na ce mata uwata ba za ta yarda da takarda ba, takarda ta riga ta gaya mata ba shi ba ne. Ta turo mini wani littafi na sa hannu, ta ce in dawo da makullin gobe.

Na hau motar haya na zauna kusa da taga. Wata mata na ta faɗa da yaron mota a kan canji, wani yana cin lemo yana jefa ɓawo waje. Makullin yana cikin tafin hannuna har ya yi ɗumi. Na yi ta shirya yadda zan faɗa, kowace jimla na gwada sai in ji kamar ina karanta sanarwa. Na ji haushin kaina, na ji haushin Auta da hularsa, na ji haushin mutumin lemo. Ban da haushi ba abin da na samu a cikina, duk da na laluba.

Rana ba ta faɗi ba na iso. Mama na kan kujerarta, kwando a cinya. Matar Auta na tsaye a bakin ɗakinsu, ta ga fuskata ta jingina da bango.

“Yau kin dawo da wuri,” in ji Mama. “Nawa yau?”

“Hamsin da takwas, Mama.”

“To, alhamdu…”

Na durƙusa na kama hannunta na buɗe, na sa makullin a ciki. Akwai ɗan guntun koren zare da ya maƙale a ramin makullin, ban cire ba. Ta kawo shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta sake kawowa. Ba ta tambaye ni daga ina ba. Ta ajiye kwandon a ƙasa, ta dafa gwiwa ta miƙe, ta fita waje ba ko mayafi, ta jawo ƙofar ta rufe mu a ciki.

Muka ji tana laluben ramin, ƙarfe na goga ƙarfe. Sai makullin ya shiga, ya juya, ƙofa ta kullu. Ya sake juyawa, ta buɗu. Ta kuma yi, kulle, buɗe. Maƙwabciyarmu ta gaishe ta daga can, na ji Mama ta amsa lafiya lau.

Ta shigo ta koma kujerarta. Ta ce, “Me suka rubuta a kansa?”

Na ciro takardar na karanta mata kamar yadda nake karanta wa kowa, gurbi bayan gurbi. Matsakaicin tsawo. Siriri. Sanƙo a tsakiyar kai. Haƙori ɗaya babu, na ciki, ƙasa. Tabo a yatsan nuni na hagu. Rigar aiki ruwan toka.

“Gwiwar fa? Tabon keke?”

“Ba su gani ba, Mama. Wataƙila ya ɓace.”

Ta juya wajen matar Auta. “Haka ne?”

“Haka ne, Mama.”

“Har sanƙon?”

“Har shi.”

“Ramar fa, tun yaushe?”

“Tun bara, Mama.”

Mama ta dube ni. “Ke kin sani?”

“Ban sani ba.”

Ta gyaɗa kai. Ta daɗe tana juya makullin a hannu, tana shafa zaren da babban yatsa. Na yi zaton za ta faɗi, na matso don in tare ta, ba ta faɗi ba. Matar Auta ta sulale ta zauna a ƙasa, ta cusa bakin zaninta a baki. Wani mai sayar da ruwa ya wuce a titi yana kaɗa ƙarfensa.

“Nan yake wucewa kullum,” in ji Mama, tana nuna tsakanin kujerarta da bango. “Kullum sai ya durƙusa ya gaishe ni.” Sannan ta ce, “Gobe tare za mu tafi, in sa musu hannun. Amma kafin nan ki biya ofishinku ki gyara nawa. Ki rubuta yadda yake.”

“Mama, ba sai an gyara ba, an riga an…”

“Na ce ki gyara. Kar ki bar mini ɗa a hamsin da takwas.”

Na ce to.

Ta miƙa mini makullin, ta tashi ta nufi ƙofa. Sakatar ta kwana biyu ba a taɓa ta ba, ta ƙi motsi. Na yunƙura zan taimaka ta ɗaga mini hannu. Sai da ta sa hannu biyu ta tura da kafaɗa kafin sakatar ta shiga.